Na kwashe bayanan FoxPro zuwa Excel, sai matattun bashi suka dawo da rai

Yau wata biyu kenan amma har yanzu in na tuna kiran da Sakatare ya yi min bayan la'asar sai in ji gabana ya faɗi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Ɗana, me ka tura wa mutane?"

Aikin na wata ƙungiyar adashi da bashi ce ta malaman makaranta a Zariya. Tun shekarun 1990 suke rubuta komai a wata tsohuwar kwamfuta da shirin ajiye bayanai mai suna FoxPro 2.6, irin mai baƙin allo ɗin nan na DOS, wanda ya riƙe musu ita kuma wani dattijo ne da kowa ke kira Baba Akawu, ya yi ritaya ya koma garinsu. Kwamfutar tana kan Windows XP, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe, kowa na tsoron ranar da za ta ƙi tashi. Suka sayi sabon laptop, shi kuma Windows mai 64-bit ba ya buɗe shirin DOS ko kaɗan, shi ne aka kira ni in mayar musu da komai Excel.

Na je da filash, na nemo duk fayil mai ƙarewa da .dbf, wato inda FoxPro ke ajiye jerin sunaye da lissafi, na kwafa, na bar sauran. Na ga wasu masu .fpt da .cdx a gefe na ce ai tarkacen shirin ne. Kuskurena na farko kenan, kuma minti ɗaya ne kacal da zan ƙara in kwashe folda ɗin gaba ɗaya.

A gida na sauko da wata 'yar manhaja ta kyauta daga intanet mai mayar da dbf zuwa CSV, irin fayil ɗin da Excel ke iya buɗewa, ta yi aikin cikin ƙiftawar ido. Matsalolin da na san za su zo duk sun zo na kuma magance su. Excel ya cinye sifirin farkon lambobin waya, 0803 ya koma 803, na sake shigo da fayil ɗin na ce masa ya ɗauki gurbin a matsayin rubutu. Kwanan wata ma ya so ya juya min rana da wata, na gyara. Sunayen gurabe kuwa a guntule suke saboda dbf ba ya karɓar suna ya wuce harafi 10, sai na zauna na rubuta musu cikakku da Hausa. Akwai wani gurbi mai suna BAYANI da babu komai a ciki sai lambobi, 64, 71, 128, haka dai, wasu layukan ma babu. Na duba na ga ba kuɗi ba ne, ba shekara ba ce, na goge gurbin dungurungum. Kuskure na biyu.

Na kai musu aiki suka yi murna, Sakatare har da sa min albarka. Da yake taron ƙarshen shekara ya matso sai ya ce in fitar masa da duk wanda ake bi bashi a tura musu saƙon tunatarwa ta waya. Na tace, na ba shi, aka tura.

Cikin waɗanda saƙon ya je wa akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu shekaru da dama, layin wayarsa yana hannunta. Ta ga saƙo da sunan marigayi cewa ana binsa kuɗi kaza, ya biya kafin ranar taro. Kun san yadda muka ɗauki bashi a kan mamaci. Matar nan ta kwana tana kuka tana ganin shekara da shekaru mijinta na kwance da nauyin mutane a kansa ba ta sani ba, da safe ta aiki ɗanta ya fara neman mai sayen tumakinta biyu. Alhali ƙungiya ta yafe bashin nan tun ranar sadakar uku. Ba ita kaɗai ba, akwai waɗanda suka biya tuntuni, akwai waɗanda suka fita daga ƙungiyar, wani ma ya zo ofis da tsohon rasit ɗinsa yana faɗa, kuma yana da gaskiya.

Daren nan ban runtsa ba. Sai da na koma kan tsohuwar kwamfutar na gane abin da ya faru. A dBase da FoxPro in ka ce DELETE, ba a cire layin daga fayil. Alamar tauraro kawai ake sawa a farkon layin, shirin ya riƙa ɓoye shi in an kunna SET DELETED ON, amma yana nan daram sai ranar da aka ba da umarnin PACK. Baba Akawu bai taɓa yin PACK ba, da na kira shi ya ce da gangan ne, saboda in aka yi gardama yana iya cewa RECALL ya dawo da layin ya nuna wa mutum. Wallahi dabararsa mai kyau ce. Manhajar da na sauko ce ta kwaso komai, mai tauraro da mara tauraro, ta zuba a CSV ba tare da ta nuna wanne ne wanne ba, ni kuma ban tambaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lambobin nan na BAYANI da na goge. Ashe kowace lamba nuni ce zuwa inda rubutun yake a cikin fayil ɗin .fpt, wato can FoxPro ke ajiye dogon bayani. Da na buɗe layin marigayin a tsohon shirin ga shi ƙuru-ƙuru Baba ya rubuta da manyan baƙaƙe: YA RASU, KWAMITI YA YAFE. Yana nan a fayil ɗin da na kira tarkace na bari.

Don Allah duk wanda zai yi irin aikin nan, kafin ka taɓa komai ka zauna gaban tsohon shirin ka ƙirga. RECCOUNT() zai ba ka duka layuka har da gogaggu, COUNT kuma in SET DELETED yana ON zai ba ka masu rai kaɗai. Rubuta lambobin biyu a takarda, ka haɗa jimlar kuɗin ma ka rubuta. In ka gama juyawa ka ga lissafinka ya yi daidai da babbar lambar, to ka kwaso matattu. Ni ban ƙirga ba, na ga sunaye sun fito tsaf na ɗauka an gama. Kuma ka kwafe folda gaba ɗaya, kar ka yi tsince-tsince, kar kuma ka yi PACK a kan na asali wai don ka huta.

Karo na biyu da yaren rubuta shirin kwamfuta na Python na yi, da wani kayan aikinsa na karanta dbf mai suna dbfread, shi yana raba maka su, masu rai daban gogaggu daban, kuma in babu fayil ɗin memo, wato .fpt ɗin nan, sai ya tsaya ya yi ƙorafi maimakon ya wuce shiru. Na sa gogaggun a shafi na daban da jan launi, na dawo da BAYANI, sannan na biya wa Baba Akawu kuɗin mota ya zo muka bi sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya, yini guda cur. Ya kama wasu guda uku da ko tauraro babu, a kansa kawai ya riƙe cewa an daidaita da su.

Gidan matar kuwa ni da Sakatare muka je da ƙafarmu. Na durƙusa na ce, "Mama, laifina ne, ku yafe min." Ta yi shiru can ta ce, "Yaro, kai dai ka tabbatar min babu ko kwabo a kansa?" Na ciro takardar da na buga mai ɗauke da rubutun Baba na miƙa wa ɗanta ya karanta mata sau biyu. Ta karɓa ta ninke ta ƙulle a bakin zaninta. Tunkiya ɗaya an riga an sayar.