Kifi mai aska a Ras Muhammad

Ban jima da dawowa daga Masar ba, kuma duk wanda ya tambaye ni labarin dalar Giza sai in ɓuge da ba shi labarin kifi.

Daga Sharm el-Sheikh muka shiga jirgin ruwa zuwa Ras Muhammad, can ƙarshen Sina'i ta kudu, inda mashigin Suwez da na Aƙaba suka haɗu. Tun 1983 gwamnati ta keɓe wurin: ba a taɓa murjani, ba a ciyar da kifi, ko ɓawon katantanwa ba a ɗauka. Dillalin da ya sayar mana da tikiti bai kyauta ba. Ya tsuga kuɗi da dalar Amurka, da na ce fam ɗin Masar zan biya sai ya haɗe rai, ƙarshe ma ya ce hayar tabarau da bututun numfashi daban. Jagoran jirgin ne ya wanke mini zuciya, dattijo mai haƙuri. Da ya ga ban iya iyo sosai ba, ya ɗaura mini rigar kariya da hannunsa, ya ce, "Ya Hajji, riƙe igiyar nan, kada ka miƙa wa kowane kifi hannu."

Ina sa fuska a ruwa na gane dalili. A bakin tudun murjani, inda igiyar ruwa ke karyewa, wani kifi ya taho mini gadan-gadan. Sohal ake ce masa. Faffaɗa ne, tsawonsa kan kai santimita 40, jikinsa zane-zane siri-siri daga kai zuwa jela, fukafukansa baƙaƙe da shuɗin baki. A gindin jelar, kowane gefe, akwai ɗigon ruwan lemo. Nan askar take, kwance cikin kube, sai ya fusata ta miƙe ya kai sara da jela. Ni da ido na ga ya kori kifin da ya fi shi girma.

Duk wannan faɗa a kan gansakuka yake yi. Ita ce abincinsa, kowane yana da fegin da yake tsaro kamar manomi da gonarsa. Wasu 'yan uwansa ƙanana masu ruwan ƙasa kuwa garke suke yi su afka fegin gaba ɗaya, ya rasa wanda zai kora. Kiwon nan nasu shi ke hana gansakuka lulluɓe murjanin ta kashe shi, domin murjani halitta ce mai rai. Shi ya sa raina ya ɓaci ƙwarai da na ga wani baƙo ya tsaya a kan murjanin da ƙafa yana ɗaukar hoto. Dattijon ya daka masa tsawa, ya kuwa yi daidai.

Alƙahira mun yi ta a gurguje. Cunkoso, ƙaho, masu raƙuma suna jan hannun mutum a Giza. Na ga dala, na yi sallah a Azhar, muka wuce filin jirgi.