Shirun da na yi a aji biyu

A aji biyu na kusa barin jami'a, kuma ba wai kaina ne ba ya ja ba. Babana ne ya kwanta asibiti, ni ke kwana wajensa, tes biyu suka wuce ni ban faɗa wa kowa ba don a ganina ai matsalar gida ce, ina ruwan lakcara da ita. Sakamako na fitowa sai ga kari-oba a kos mai yunit 3 (yunit shi ne nauyin kos), wato na faɗi sai na sake shi, wanda ya san lissafin GPA (matsakaicin makin ɗalibi) kuwa ya san F sifili ce amma yunit ɗinta sai an ƙirga su wajen rabawa, shi ya sa faɗuwa a kos mai yunit 3 ta fi ta mai yunit 1 jan mutum ƙasa nesa ba kusa ba.

Sai a lokacin na ja ƙafa na je wajen lebul kodineta ɗinmu, wato malamar da ke kula da 'yan ajinmu. Matar nan ta duba fayil ɗina, ta cire tabarau ta ajiye kan tebur ta ce "ɗana, ina ka shiga tuntuni?" Wai da na rubuto takarda na haɗa da shaidar asibiti da an duba yiwuwar sake min tes, ko ma in jingine semestar gaba ɗaya ta hanyar shugaban sashe in dawo ba F ko ɗaya a kaina. Wallahi ban ma san ana haka ba, na ce Malama ban sani ba ne, ta ce to wa ka tambaya.

Daga baya na gano kusan kowace matsala da ƙofarta. Maki ya ɓata ko ba a shigar ba, jami'in jarabawa na sashenku zaka nema, kuma ka rubuta a takarda ka riƙe kwafi, maganar baki a baranda mantawa ake yi. Rigimar ɗakin kwana, ko wani na takura maka, ofishin harkokin ɗalibai. Kos ya ƙi shiga kai, ka nemi 'yan ajin gaba da ku da tsofaffin tambayoyi, ma'aikatan laburare ma sun iya nemo abu fiye da yadda muke zato.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne sashen ba da shawara, ofis ne guda da ƙwararru a ciki amma yara na gudunsa wai kar a ce sun taɓu. Mutum ya yi sati uku ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina shiga aji, abokai su ce ka yi haƙuri kawai. Haƙurin na da kyau amma a raka shi can ko kilinik ɗin makaranta, in har ya fara maganar ya gaji da rayuwa kuwa ranar za a kai shi ba gobe ba.

Kos ɗin nan dai na sake shi a aji uku tare da ƙannena, a bencin gaba na zauna, na samu B.