Godiya daga gidanmu bayan ruwan Agusta

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ƴan'uwa na nan Maradi da na nesa, da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda na san da yawanku za ku ga wannan rubutu, ina gaishe ku da kyau. Jiya Lahadi munka yi sujadar godiya a majami'a, an miƙo mini mikoro in yi magana amma kuka ya ci ƙarfina, abin da na faɗi bai kai rabin abin da ke cikina ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a nan tunda an ce yaba kyauta tukwici. Zai yi tsawo fa, ku yi haƙuri da ni.

Mun koma gidanmu. Baban yara yana takawa da ƙafarshi babu sanda, har ya koma aiki, yara kuma lafiyarsu lau. Godiya ta farko ta Ubangiji ce.

Wanda yake garin nan ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 ba sai an ba shi labari ba. An ce ruwan da ya sauko ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, gwamna da bakinshi ya sanar da rasuwar mutum 15, Allah ya ta'azantar da iyalansu. Mu ɗakunanmu ginin ƙasa ne, ruwa ya cinye su ta ƙasa, baban yara yana ƙoƙarin fiddo autarmu bango ya rufto mishi a ƙafa. Iyakar labarin kenan, ba na son in maimaita sauran.

Samarin fadar bakin layinmu, ku ne na farko. Ku ɗin nan da kullum nake leƙowa ina muku faɗa kan hayaniyar shayi da tsakar dare, ku kunka shigo cikin ruwa har ƙugu kunka tone shi da hannu, babu wanda ya tsaya tambayar wanga Kirista ne ko Musulmi. Daga yau ku sha shayinku, sukari ma in na samu zan aiko. Mai amalanken da ya ɗauke shi har inda mota take iya zuwa ya ƙi karɓar ko dala, ban san sunanka ba ɗan'uwana amma Allah ya san ka. Alhaji maƙwabcinmu da Hajiya, kun kwashe mini yara kun haɗa da naku, Hajiya har zanenta ta kwance daga akwati ta ba ni, kuma ba ta taɓa tada zancen ba. Ma'aikatan likita da sunka yi mishi radiyo sunka sa platir alhali ɗakin cike yake da masu rauni, mun gode. Diraktan lakwal da ya buɗe mana kilas munka zauna tare da wasu iyalai, mun gode, kun tuna ai saboda irinmu ne gwamnati ta ɗaga rantire, wato komawar yara makaranta, daga 2 ga Oktoba zuwa 28.

Zumuntar Mata kuwa ban san ta ina zan fara ba. Kun raba kwanaki tsakaninku, yau wannan ta kawo kunu gobe waccan ta kawo tuwo da miyar kuka, wata da ita ma ɗakinta ya tsage ta zo da kwaɗon zogale tana ba ni haƙuri wai ba yawa. Mama Fasto ta yi ta zirga-zirga da ordonas zuwa farmasi. Matasan ikilisiya sun ba da Asabar ɗinsu wajen buga bulo, dattawa sun haɗa kuɗin siminti da tol, Yaya daga Yamai da Kawu daga Katsina kun aiko ba mu ma roƙa ba. Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Amma akwai mutum ɗaya da godiyarshi daban take, kuma saboda shi ne musamman na ɗauki wayar nan. Baba, tsohon mai bishararmu. Na san ba ya Facebook, jikokinshi don Allah ku karanta mishi.

Baba bai kawo kuɗi ba don ba shi da su. Da la'asar yake zuwa lakwal ɗin da sandarshi da tsohon Littafi Mai Tsarki da bangonshi ya rabu, ya zauna bisa teburin yara. Ni kuma lokacin tambaya ɗaya ce a bakina, don me mu? Muna zakka, muna sujada, ba mu ci haƙƙin kowa ba, ga gidajen waɗanda ko sunan Allah ba su ambata suna tsaye ƙyam. Na faɗa mishi haka ido cikin ido ina jira ya tsawata mini. Sai ya ce, ɗiyata tambayarki tana nan ba wanda zai ƙwace miki ita, Dawuda ma ya yi irinta cikin Zabura, amma kin taɓa lura Allah shi ma yana da nashi tambayoyin? Ke kin yi taki, ki bari shi ma ya yi tashi.

Daga nan kowace zuwa tambaya ɗaya yake karanta mana, ba wa'azi, ya karanta ya rufe littafi ya ce to ku amsa. Ya fara da Farawa 3:9 inda Ubangiji ya kira Adamu ya ce ina kake. Babban ɗana ya ce Baba ai Allah ya san inda yake, me ya sa zai tambaya? Baba ya yi dariya ya ce in yaro ya fasa tulu ya laɓe bayan ƙofa ƙafafunshi a waje, uwa tana ganinshi sarai amma ta ce ina kake, ba wurin take nema ba, so take ya fito da kanshi. Ya juyo ya ce to ke ina kike? Na ce ga ni cikin kilas bisa tabarmar aro. Ya ce a'a, ba wannan ba. Na kwana da maganar nan, kuma amsar gaskiya ita ce ina cikin fushi, in an ce a rufe ido a yi addu'a ina rufewa amma ba na cewa komi, gaba nake da Allah ina murmushi wa masu kawo abinci. Ranar da na faɗi haka a fili cikin addu'a ita ce ranar da addu'ata ta dawo. Da wani ne ya zo ya ce mini kina fushi da Allah da na musanta har da rantsuwa, amma tambaya ba ta ba ka abin musu, kai ne za ka fito da abin da bakinka.

Wani abu da na lura, Baba ba ya buɗe littafi sai ya tabbata mun ci abinci. Da na tambaye shi sai ya kai mu 1 Sarakuna 19, Iliya ya gudu daga Yezebel ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa, Allah bai ce mishi uffan ba tukuna, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha ya koma barci, ya sake tashe shi ya sake ci, sai da ya yi tafiyar kwana 40 ya kai Horeb sannan tambaya ta zo, me kake yi a nan Iliya? Har sau biyu, shi kuma sau biyu yana maimaita kukanshi wai shi kaɗai ya rage, Allah ya bar shi ya gama sannan ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Masu zuwa gaisuwar jaje don Allah ku riƙe wannan, mai yunwa ba ya jin aya.

Wadda ta fi yi mini zafi ita ce ta Ayuba. Kai, ranar na so in tashi in bar wurin. Sura 38, bayan duk kukan da Ayuba ya yi, Allah ya amsa daga cikin guguwa kuma amsar tashi tambayoyi ce zalla har zuwa sura 41, ina kake lokacin da na kafa harsashin duniya, da Baba ya gangara wajen aya 25 zuwa 28 sai ga zancen ruwan sama, wa ya yanka wa ruwa hanyar da yake kwarara, ruwan sama yana da uba ne? Ni da ruwa ya cinye wa ɗaki ake karanta wa haka. Na ce Baba wannan ai ba amsa ba ce, ƙarfi ne kawai ake nuna mana. Ya ce to ki karanta har ƙarshe ki gani ko an taɓa faɗa wa Ayuba dalilin wahalarshi. Na karanta, ba a faɗa mishi ba. Amma mutumin ya ce dā labarinka nake ji da kunne yanzu idona ya gan ka, kuma waɗanda Allah ya yi fushi da su a 42:7 abokan nan ne masu bayani, waɗanda sunka dage cewa lalle akwai zunubin da ya jawo. Mu ma mun samu irinsu, akwai wadda ta zauna bisa tabarmata ta ce mu bincika kanmu ruwa ba ya zaɓen gida banza, na yafe mata, amma binciken kai da Allah yake jawowa da wanda mutane suke ɗora maka ba ɗaya ba ne, nasu yana sa ka ƙara ɓuya. Har yau ban san don me namu ɗakin ba, kuma na iya kwana ba tare da na sani ba, wanda dā ba zan iya ba. A ranar ne ma Baba ya ba mu labarin da ya ji wajen mahaifinshi, cewa a 1945 Gulbi ya cinye tsohon garin Maradi da ke can ƙasa cikin fadama shi ya sa anka hauro tudu, ya ce garin da kuke gani ɗin nan kanshi bayan ambaliya anka gina shi.

Ta Musa kuwa dariya ta ba mu. Fitowa 4:2, mene ne wannan a hannunka, ya ce sanda. Ina cikin lissafa wa Baba abin da ya tafi, gado, buhun hatsi, takardun yara, ya ce na ji wanda ya tafi, me ya rage? Na ce ba komi sai kan keken ɗinkina da samari sunka tono cikin laka. Ya ce to. Washegari baban yara daga kwance ya sa anka kira mai gyara, ya wanke ya sa mai, Mama Fasto ta ara mini ƙafar keke, da shi na ɗinka kayan rantire na yaran kartiye, daga baya ankon Kirsimeti na Zumunta ma ni anka ba, kuɗin ƙofa da taga daga nan sunka fito.

Sai wadda har yanzu ba ta sake ni ba, ina ɗan'uwanka, Farawa 4:9. Lokacin da anka ce a fita daga kilas don yara su shiga, mu ikilisiya ta samo mana ɗakin haya, ni murna kawai nake ina ɗaure kaya. Baba ya karanta ayar nan bai ƙara komi ba, ya dubi kusurwar da wata baiwar Allah take zaune da marayunta, wadda munka yi makonni muna raba sabulu da ita. Ita ba ta da Zumunta, ba ta da yaya a Yamai. Amsar Kayinu kowa ya san ta, ni makiyayin ɗan'uwana ne, kuma da sauƙi mutum ya ba da ita ba tare da ya buɗe baki ba. Mun yi abin da munka iya, Alhaji ya ba ta zaure ta zauna, amma ɗakinta har yanzu kango ne kuma damina ba ta jira. Bulo ya rage mana kaɗan mun kai mata, tol ne babu. Wanda Allah ya taɓa zuciyarshi ya yi mini magana ta inbos in haɗa shi da dattawan kartiye, ba ta hannuna kuɗi za su bi ba.

Rubutun nan ma tambaya ce ta haife shi. Satin da munka tare Baba ya zo ganin ɗaki, ya sha ruwa, ya buɗe Luka 17 inda Yesu ya warkar da kutare goma ɗaya tak ya dawo, shi ma Basamariye, Yesu ya ce ba goma anka tsarkake ba, ina taran? Baba ya yi aiki a asibitin kutare na Danja yana saurayi, ya ce shi ba ya zagin taran nan, mutumin da ya yi shekaru ba ya shiga cikin mutane in ya warke gida zai ruga, ba mugunta ba ce, murna ce take sa mantuwa. Ya ce ke ma yanzu murna ta zo, ki kula. Shi ya sa na bi gida-gida iya waɗanda na sani, waɗanda ban iya kaiwa ba kuma ga shi na rubuto. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido, ɗiyarka ta gode.

In ban ambace ka ba kada ka ji haushi, kaina ne bai riƙe komi ba a kwanakin nan, wasu ma sun aje abu sun tafi ban ga fuskarsu ba. Karatun tambayoyin bai ƙare ba, Baba ya ce na Yesu kaɗai sun ishe mu shekara, yanzu a tsakar gidanmu ake yi ran Laraba bayan la'asar, wannan satin Yahaya 5:6 ce, kana so ka warke, duk mai so ya zo da kujerarshi don namu ruwa ya tafi da su. Sannan akwai babbar tukunya mai murfin da ya lotse da tabarma biyu da bokiti shuɗi a wurina ban san masu su ba, don Allah mai su ya aiko yaro ko ya kira baban yara.