Yadda Kare Ya Shigo Sana'ata ta Maganin Dabbobi

Lokacin da na buɗe shagon maganin dabbobi a Birnin Kebbi, ban sa kare a lissafi ba. Abin da na jera a kanta maganin tsutsar ciki ne na shanu da tumaki, da maganin kaska, da bitamin na kaji, kuma masu sayayyata makiyaya ne da masu turkar raguna da matan da ke kiwon awaki a gida. Ni malamin dabbobi ne, ba likita ba. Akwai likitan da muke aiki tare, yana zuwa Litinin da Alhamis, in abu ya fi ƙarfina kuma in kira shi a waya. Yara biyu nake da su, ɗaya yana kan ciniki, ɗaya muna fita ruga tare a babur.

Da daddare aka fara kawo mini kare. Wani dattijo mafarauci daga wajen Kalgo ya tsaya can gefe har jama'a suka watse bayan isha'i, sannan ya matso da buhu a hannu. Ya ce, "Ɗana, kuna duba irin wannan?" Karyarsa ce, gadu ya farke mata cinya kwana huɗu da suka wuce. An shafa wa ciwon baƙin mai da toka, ƙuda ya riga ya samu wuri, tsutsa na motsi a ciki. Na ce, "Baba, me ya hana ka kawo ta tun ranar?" Ya sunkuyar da kai ya ce bai so a ga mai furfura irinsa yana yawon nema wa kare magani.

Wannan kunyar ta kashe karnuka da yawa a gaban idona, kuma tana ba ni takaici. Malamanmu sun karantar da mu cewa riƙe kare don farauta ko gadin dabbobi ko gona ya halatta, kuma duk mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ta kwana tana tsare maka garke tana da haƙƙi a kanka ranar da ta kwanta.

Abu na farko da nake koya wa mai kare shi ne ya ɗaure masa baki da tsumma mai laushi kafin ya taɓa ciwon, domin kare mai jin zafi yana cizon ubangidansa ma. In yana amai ko numfashi na yi masa wuya, ba a ɗaurewa. Jini na zuba? A danne da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a yi ta ɗagawa ana leƙe. Daga nan a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a sa ayodin, a kare shi daga ƙuda. Ciwon da aka kawo a ranar da aka ji shi, likita zai iya ɗinke shi. Wanda ya kwana uku sai dai a yi ta wanki ana jiran nama ya ciko, kuɗin kuma ya ninka.

Mafi yawan gardamata da masu saye a kan maganin mutane ne. Mutum zai ga karensa na ɗingishi, sai ya ɗauko ibuprofen ko diclofenac ɗin da yake sha don ciwon baya ya tura masa a tuwo. Waɗannan suna cinye cikin kare su lalata ƙoda, sai ka ga kashi baƙi ƙirin kamar kwalta. Haka maganin ƙwarin gona da ake wa kare wanka da shi don kaska: kare ya lashe jikinsa, yawu ya fara dalala, jiki na karkarwa. In hakan ta faru, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a taho da shi tare da kwalbar maganin, don likita ya san abin da zai karya. Na sha mayar wa mutum kuɗinsa saboda na gane abin da zai yi da maganin ke nan. Ciniki ya tafi, amma ba zan sayar da abin da na san zai kashe dabba ba.

'Yan kwikwiyo kuwa babbar matsalarsu gudawar jini mai wari da amai, wadda likitoci ke kira fabo. Ba ƙwayar cutar ake kashewa ba, ruwan da ya fita ake mayarwa har jiki ya yi yaƙinsa, shi ya sa kwana ɗaya na jinkiri ke raba mai tashi da mai mutuwa. Rigakafinta ana fara shi daga mako 6 zuwa 8, a maimaita. Wannan allurar ce ta sa na sayi firij mai sola, domin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu zafi na haura 40. Allurar da ta sha rana a kan teburin kasuwa ruwa ce kawai. In za mu ƙauye, kula mai ƙanƙara a ciki ce kayan da nake fara ɗaurawa a babur.

Ciwon haukan kare shi ne wanda ba na sassauta murya a kansa. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani lafewa yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale ya zura hannu a bakin. Kada a yi haka. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don a fara allura. Ƙona gashin karen a shafa ba ya maganin komai. In karen na gida ne, a killace shi kwana 10 ana kallonsa, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a je asibiti, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Allurar kare ana yi daga wata 3, a sabunta kowace shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, kuma 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Akwai kuma karen da ba zai tashi ba, kamar wanda mota ta karya wa ƙashin baya. A nan nakan ja wa mai shi benci mu zauna, likita ya faɗa masa gaskiya, kada ya ƙarar da kuɗin hatsin gidansa a banza. Na ga ƙato yana share hawaye da bakin riga, yana waige kada a gan shi. Nakan ce masa, "Malam, ba abin kunya ba ne, shekara nawa kuna shiga daji tare?"

Karyar dattijon nan ta warke bayan wajen wata guda, da ɗan ɗingishi. Yanzu ina da littafi na musamman da nake rubuta ranar allurar kowane kare da lambar wayar mai shi, yarona yana kiransu in lokaci ya yi. Sunan Baba ne a shafin farko, kuma bara da hantsi ya zo da 'ya'yanta huɗu a kwali, ya sauke su a ƙofar shago makiyaya na zaune.