Kwana na shida a kan dutsen Mambila

Laraba.

Yau ma tun ƙarfe uku idona ya bushe. Shekara 34 na yi ina jan babbar mota, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Agadas, wani lokaci har Njamena, kullum kafin asuba an duba taya an tayar da inji. Shekara biyu ke nan da na ajiye tuƙi, amma jikin bai samu labari ba. Sai na lafe cikin bargo biyu ina kasa kunne. Ba janareta, ba hon, ko kukan sauro babu. Daren farko wannan shirun tsoro ya ba ni, wallahi.

Mai masaukina yaron motata ne a da. Shekara bakwai muka yi tare, sannan ya dawo gonar mahaifinsa nan kusa da Nguroje. Yanzu yana da furfura da shanu, amma har gobe “Maigida” yake ce mini, kuma ba ya zama a kujera in ina wurin, duk faɗan da nake yi masa. Kafin kiran salla matarsa ta aiko da buta da ruwan zafi. A nan ba gata ba ne, dole ce. Wurin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, ruwan randa in ya taɓa hannunka sai ka ji shi har cikin haƙori.

Da hazo ya ɗan yaye muka gangara gonar shayi. Abin kunya, na sha ɗauko kwalayen ganyen shayi a mota, na sha shi a teburin masu shayi daga Mararraba har Zinder, ban taɓa ganin bishiyarsa ba sai a wannan makon. Ashe gajera ce, ko in ce gajartar da ita ake yi. Ana aske kanta daidai ƙugun mutum don hannu ya kai, sai ka ga gangaren dutse shimfiɗe kamar an ja koren darduma. Masu tsinka suna goye da kwando, hannu biyu na aiki, suna jefawa baya ba tare da sun waiga ba. Ganye biyu da toho ɗaya ake cira, shi ke nan. Na ce bari in gwada. Ban yi minti goma ba 'yar autar mai masaukina ta leƙa tafin hannuna ta ce, “Baba, wannan ai ya tsufa.” Na ce ni da shi duka. Ta zubar da rabi, ta nuna mini yadda ake karya tsinken da yatsa biyu, ba fizga ba. Ganyen da aka tsinka ba ya son kwana, gara a auna shi a wuce da shi masana'anta a Kakara tun yana ɗanye.

Da rana tuwon masara da miyar ganye, sai kindirmo mai kauri daga rugar da ke bayan tudu. Fiya kuwa faɗowa take yi a tsakar gida, awaki na ci. Na tuna kuɗinta a Kano, na yi shiru.

Bayan la'asar na zauna da tsohon gidan a gindin bishiyoyin turare. Hausarsa kaɗan ce, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, ɗansa ke yi mana tafinta. Ya ce shi ba a Najeriya aka haife shi ba, Najeriya ce ta zo ta same shi a gida. Gaskiya ya faɗa. A da wannan yanki yana cikin Kamarun da Ingila ke riƙe da ita, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ya shigo Najeriya, kuma sunan Sardauna da ƙaramar hukumar ke amsawa daga can ya samo asali. Ya nuna wajen da Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, ya tambaya ko zan hau. Na ce hawan da na yi daga Mayo Selbe zuwa nan ya ishe ni. Fasinja nake ran nan, amma tun daga gindin dutse ƙafata ke taka birkin da babu shi, har na kusa da ni ya ce, “Alhaji, lafiya?”

Yarana sun kira, sai da na hau tudu kafin waya ta kama. Suna tambaya yaushe zan dawo. Na ce sai an cire dankali. Ban gaya musu saura wata guda ba.

Yanzu an yi isha'i, ina rubutu da fitilar sola, ƙafafuna kusa da kaskon wuta. Can nesa wata tirela na hawan tudu da kaya, ita ce mota ta farko da na ji tun safe. Direban ya makara wajen sauke giya, daga kukan injin na gane. Na tsayar da biro har sai da na ji ya haye.