Big Bertha da robar da ta yaudare ni

Wata uku ledar tana ajiye a saman kabad ban iya buɗe ta ba. Big Bertha ce, mai lamba K-23, daga cikin ƙananan rokokin wasa da kamfanin Estes na Amurka ke sayarwa a wargaje, mutum ya harhaɗa da hannunsa. Vern Estes ya kafa kamfanin a Denver a 1958, ya mayar da shi Penrose a jihar Colorado a 1961, ita kuwa Bertha ta fito a 1965, kuma har yau ana yin ta. Sai dai ta yanzu hancinta na roba ne. Tawa hancin balsa gare ta, wani irin katako mara nauyi, wannan kuwa shi ne abin da masu tara tsofaffin kayan nan ke fara dubawa.

Masu wannan sha'awa kashi biyu ne. Akwai masu cewa da zarar ka yage leda ka kashe darajar abin, don haka nasu a rataye suke a bango kamar hoto. Akwai kuma masu cewa rokar da ba ta taɓa tashi ba kwali ce kawai. Ina da guda huɗu da ban taɓa ba, har da ɗaya ta Centuri, kamfanin da ya yi gogayya da Estes daga birnin Phoenix, saboda haka ba na zagin kashin farko. Amma ita wannan wanda ya sayar mini ya riga ya ce gefen ledar ya ɗan tsage. Na riƙe wannan a matsayin uzuri, na sa almakashi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda takarda ke jure shekaru. Bututun jikin, mai faɗin kusan milimita 42, ko lotsawa bai yi ba. Hancin balsar ya ɗan yi duhu, nauyinsa kamar babu. Igiyar robar da ke haɗa hanci da jiki kuwa na ja ta sau biyu, ta miƙe ta dawo. Na ce lafiya lau.

A fikafikai na fara yin ɓarna. A tsofaffin kayan ba a yanko maka su ba, falle ɗaya na balsa ake ba ka da zanen da za ka ɗora ka bi da reza. Takardar bayani ta faɗa ƙarara cewa jijiyar katakon ta bi gefen gaba na fiffiken. Ni kuwa ina ta dabarar tattalin katako, sai na juya zanen yadda zai fi cin wuri kaɗan. Da na gama na ɗan danna shi da babban yatsa, sai ji na yi ƙas, ya rabe biyu tas, daidai kan layin jijiyar. Balsa a tsaye take da ƙarfi. In jijiyar ta kwanta daidai da jikin rokar, iska kaɗai ta isa ta ɓalle fiffiken. Katakon da ya haura shekara hamsin yana jira, na lalata kwatansa cikin minti biyar. Sauran na mayar cikin leda, na sayo sabon falle na yanka guda huɗu a kansa. Da tun farko haka na yi, da yanzu ina da na asalin cikakke.

Manna su ya ci mini kwana biyu. Gam ɗin katako ake shafawa siriri a gindin fiffiken da jikin bututun, a bari ya sha iska, a ƙara wani sannan a haɗa. Ɗaya bayan ɗaya, kana leƙawa ta ƙasa kamar mai saitin bindiga don ka tabbatar bai karkace ba. Bayan sun kama sai a bi kusurwar da wani gam ɗin da ɗan yatsa. Gogewa da fenti ba abin da zan ce a kansu sai haƙuri da ƙura.

Lemar saukarta ta leda ce, inci 18, da zare da wasu ƙananan maƙalai masu gam da ake liƙa zaren da su. Gam ɗinsu ya bushe ƙarau, suna zubewa da kansu, don haka nan take na canza su. Abin da ya fito fili ya mutu ban yi gardama da shi ba. Inji ma ban yi wasa ba. Albarushi ne aka danƙare cikin bututun takarda, in ya daɗe yana shan zafi da sanyi yakan tsattsage daga ciki, ya fashe a maimakon ya ci a hankali. Sabo na saya, C6-5. Harafin yana nuna jimillar ƙarfinsa, kowane harafi ninkin wanda ya gabace shi ne. 6 matsakaicin turawarsa, 5 kuma daƙiƙoƙin da zai jira bayan wuta ta ƙare kafin ya tunkuɗo lema.

Kafin fita na gwada daidaitonta. Na sa inji, na ɗaura zare a daidai inda take tsayawa a kan yatsa ba ta rinjaya ba, na yi ta wulwula ta sama da kaina. Hanci ya riƙa shiga gaba, alamar nauyi yana gaban inda iska ke tura ta. Na cusa takardar da ba ta cin wuta tsakanin inji da lema, na zura ta a sandar harbawa, na ja wayar batir baya kamar mita biyar, na ƙirga daga biyar zuwa ɗaya.

Bertha ba mai gaggawa ba ce, shi ya sa ake son ta. Tana tashi da wani irin ƙasaita, kana bin ta da ido tun daga ƙasa, hayaƙi fari yana biye da ita. Ta kai ƙarshe, ta sunkuyar da kai, na ji ɗan fas daga nesa. Lema ta buɗe kyakkyawa. Sai dai abu biyu na gani a sama, ba ɗaya ba.

Igiyar robar ce ta tsinke. Ja na da hannu a hankali daban, fizgar albarushi daban. Tsohuwar roba tana bushewa ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani sai an miƙe ta sosai a gaban haske, ni kuwa ban miƙe ta sosai ba don ina tsoron kada ta tsinke. Tsoron nan kansa ya isa ya gaya mini komai. Na so in harba ta da kayanta na asali iyakar iyawata, son da ya sa na ƙi sauraron kaina.

Jikin ya faɗo yana juyi, ya bugi ƙasa, fiffike ɗaya ya ɓalle daga gindi. Wannan gyaran dare ɗaya ne. Hancin kuwa, da yake a jikinsa aka ɗaure lema kuma ba shi da nauyi, iska ta ɗauke shi a hankali, yana ta lilo, har ya wuce bayan wasu bishiyoyi. Na yi ta nema har rana ta faɗi.

Yanzu igiyarta zaren Kevlar ne, wani zare mai ƙarfi sosai, da sabon lastik, tsawonsa ya ninka jikinta biyu, ta kuma tashi sau shida lafiya da hancin roba na zamani. Guntun tsohuwar robar yana nan manne a cikin bututun, don na kasa ɓamɓare shi ba tare da na yaga takardar ba. In ka haska tocila ciki za ka gan shi.