Ƙunar asid ɗin HF da rajistar asibiti ba ta gani

Aikin da aka ba ni shi ne in bi fayilolin sashen ƙuna da na agajin gaggawa a wani yanki mai yawan masana'antu, in tsamo duk wanda asid ɗin haidrofulorik, wato HF, ya ƙona: wane aiki yake yi, ina abin ya taɓa shi, bayan awa nawa ya iso asibiti.

Masu ƙunar sun fito kamar yadda aka zata, galibi maza majiya ƙarfi, masu zanen gilashi, masu wanke alminiyam da cire tsatsa, da ma'aikatan kamfanonin sinadarai. Wurin ƙunar kuwa kusan kullum hannu ne, musamman kan yatsa da ƙarƙashin farce, inda 'yar hudar safar hannu ta bar ruwan ya shiga ya kwanta.

Inda aikin ya ci mini lokaci shi ne layin "lokacin isowa". HF mai ƙarfin da ya haura kashi 50 cikin 100 nan take yake cizo, mai shi ba ya jira. Tsakanin kashi 20 da 50 zafin kan ɗauki awa 1 zuwa 8 kafin ya taso, ƙasa da kashi 20 kuwa yakan kai awa 24. Sai mutum ya tashi daga aiki lafiya lau, cikin dare yatsa ya kama zogi kamar ana soka masa allura, fata kuma babu wani tabo na a zo a gani. Irin waɗannan ba a sashen ƙuna na same su ba. Na tsinto su ne a katunan marasa lafiya na waje, an rubuta "ciwon yatsa" ko "karkare", an ba su maganin kashe zafi an sallame su. Sai da na koma karanta bayanin sana'a ɗaya bayan ɗaya, wanda sau da yawa ma an bar gurbinsa fayau, sannan suka fara bayyana. A ganina, duk ƙididdigar da ta tsaya kan rajistar sashen ƙuna kawai, rabin labari ta bayar.

Ƙanƙantar ƙunar ma ruɗi ce. Fuloraid, sinadarin da ke cikin HF, yana ratsa fata ya kama kalsiyam da magnesiyam na jiki, bugun zuciya ya rikice. An taɓa rasa rai da ƙunar da ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 na fatar jiki ba, saboda asid ɗin mai ƙarfi ne. A garin Gumi na Koriya ta Kudu, a 2012, yoyon HF ya kashe ma'aikata 5. Duniya ta ji wannan, amma yatsun ƙananan ma'aikata babu mai ƙirga su.

Waɗanda suka fi samun sauƙi a fayilolin su ne waɗanda aka wanke wa wurin da ruwa mai yawa tun a wurin aiki, aka shafa musu man kalsiyam gulukonet mai kashi 2.5 kafin a kama hanyar asibiti. Manyan kamfanoni kan ajiye man. A ƙananan wuraren aiki kuwa, wasu ba su ma san sunan abin da ke cikin jarkarsu ba. Shi ya sa a rahotona na nemi a ƙara tambaya biyu a katin karɓar mara lafiya: "Me ka taɓa jiya a wurin aiki?" da "Ka zo da hoton takardar da ke jikin jarkar?"